Gida, gamana da biki: sharhi kan kalmomin da ɗaliban ilimin zamantakewa suke aiki da su

1. Gabatarwa

Ƙasar Maraɗi na cikin yankunan Nijar da masana zamantakewa suka fi rubutu a kansu. Claude Raynaut ya yi nazarin ƙauyen Sumarana, Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihin alhazan Maraɗi a 1986, Guy Nicolas kuma ya daɗe yana aiki a kwarin Gulbin Maraɗi, tsakanin Katsinawa da Gobirawan Tsibiri. Duka waɗannan ayyuka da Faransanci aka rubuta su. A wannan ɗan sharhi za mu dubi littafin Nicolas, *Don rituel et échange marchand dans une société sahélienne* (1986), da yadda ɗalibanmu suke ɗaukar darasinsa idan sun fita bincike a gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Runji.

2. Abin da littafin ya yi daidai

Nicolas bai yar da kalmomin mutanen ba. Ya bar *biki* a matsayin biki, ya bar *dubu* a matsayin dubu, wato shagalin da manomi yake yi ya rabar da dukiyarsa don ya sami sarautar noma. Sai da ya bi kowace kalma cikin bakin masu ita kafin ya ɗora mata fassara. Ta haka ya nuna cewa kuɗi da kasuwa ba su kashe al'adar bayarwa ba, sun ma ƙara mata kauri.

3. Inda aka samu tangarɗa

Matsalar tana cikin kalmar *don*, wadda ya gada daga Marcel Mauss. A Hausa kyauta daban, sadaka daban, biki daban. Matar da aka kawo wa biki ran suna tana riƙe da lissafinsa, domin ran da ta-kawo za ta yi nata sha'ani sai an mayar mata, sau da yawa har da ƙari. Nicolas ya san haka, ya kuma bayyana shi. Amma ɗalibin da ya tsaya ga sunan littafin yakan koma ƙauye yana tambayar « kyauta », a amsa masa abin da ya tambaya, bashin da ke wuyan matar kuwa ya wuce shi.

Haka abin yake ga *ménage*. A wani kundin kammala karatu da aka ba mu mu duba, kan wani ƙauye na ƙasar Agiye, an fassara ta da « gida », aka tambayi mai gida gonakinsa. Ya ƙirga na gandu, ya yi shiru. Gamana, wato ɗan filin da mace ko saurayi ke nomawa don kansa, ba ta fito ko sau ɗaya ba. Alhali a kudancin Maraɗi, inda ƙasar noma ta yi ƙaranci, gamanar mata ce take fara salwanta, kamar yadda Marthe Diarra da Marie Monimart suka nuna a 2006. Kundin da bai ga gamana ba, yaya zai ga ranar da ta ɓace? Kuma irin waɗannan alƙaluma ne masu ayyukan raya karkara suke karantawa kafin su raba taki da iri.

4. Kammalawa

Laifin ba na ɗalibin kaɗai ba ne. Bahaushe ne, ya san gamana tun yana yaro, amma an koya masa cewa ilimi yana farawa ne inda Faransanci ya fara. Tun 1964 Abdu Mumuni ya ja kunne kan wannan a littafinsa *L'éducation en Afrique*. Shawararmu ga sashen zamantakewa biyu ce. Ta farko, a rubuta takardar tambayoyi da Hausa tun daga tushe, a gwada ta a ƙauye kafin a fara aiki. Ta biyu, kowane kundi ya zo da maganganun mutane yadda suka faɗe su, fassara na biye, don mai karatu ya iya musanta fassarar. Sashen nazarin harsuna yana da abin da zai taimaka da shi a nan, in an neme shi.