Meteosat-12: Idon da Ba Ya Barin Samaniyar Maruwa

Damina biyu ke nan ina bibiyar hotunan Meteosat-12 a wayata, har na saba da shi kamar maƙwabci. Tauraron ɗan'adam ne na hukumar EUMETSAT ta Turai, an harba shi a Disamban 2022. Yana can sama kimanin kilomita 36,000, yana zagaye daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa kullum fuskarsa na kan Afirka.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsa. Duk minti 10 sai ya turo sabon hoto, alhali na gabansa sai minti 15. Da la'asar za ka ga ɗan farin ɗigo ta wajen Chadi. Kafin ka ƙare shayi ya kumbura kamar ƙullin waina, ya miƙo yamma. Sai na'urarsa ta kama walƙiya ta fara ƙyalƙyali a tsakiyar hadarin, ƙyal, ƙyal, tun ba a ji rugugi a gari ba. Duk wanda ya san yadda kogin Mayo Kaliao na Maruwa ke tashi daga busasshen rairayi ya cika maƙil cikin dare guda, ya san darajar wannan gargaɗi. Gaskiya aikin ya yi kyau.

Sai dai idon nan iyakarsa saman gajimare. Yana auna sanyin ƙololuwar hadari, a yi kirdadon ruwa daga nan, amma cikin hadarin a rufe yake gare shi. Na'urar da ke ratsa gajimare ta auno zafi da laimar iska hawa-hawa ita ce mai aiki da igiyar maikirowef, kuma tana kan taurari irin su Metop, masu shawagi ƙasa-ƙasa, waɗanda kowannensu bai wuce leƙo mu sau biyu a yini ba. Ban ga laifin maƙeran Meteosat-12 ba sosai: daga wancan nisa, sai an ɗora faranti mai faɗin mita da dama kafin a ga abin kirki. Ko ɗan'uwansa MTG-S1 da aka harba a Yulin 2025, gajimare mai kauri na tare masa gani.

Manomin auduga a Garwa da masu lura da ruwan madatsar Lagdo suna son sanin yawan abin da zai zubo. Meteosat-12 gwani ne wajen shaida mana cewa hadari na tafe. Ina roƙon masu ƙira su ba mu wanda zai leƙa cikinsa.