Kanwa Uwar Gami

'Yar uwa, kullum kina jefa kanwa a miyar kuɓewa, kina dama wa mai jego kununta, amma kin taɓa tambayar inda take fitowa?

A Bulatura, ƙasar Yusufari ta Jihar Yobe, akwai tafkuna tsakanin tuddan rairayi. Da damina su cika, da rani ruwan ya ƙafe, kanwa ta fito fari fat a kan ƙasa, a zo a kankare. An sanya wurin cikin gandun da gwamnati ta keɓe a yankin Tafkin Cadi tun 1991.

To amma fa takarda ba ta tare rairayi. Itatuwa ne ke tare shi, irin su goruba, su kuwa ana ta sara. Abin haushi, masu faɗakarwa sai maganar tsuntsaye da baƙi 'yan yawon buɗe ido, ba mai ce wa matar gida tukunyarta na ciki. Alhali mu ke sayen itacen, mu ke sayen kanwar.

Don Allah a rage wuta in tuwo ya nuna, a dasa ko da bishiya ɗaya. Ranar da rairayi ya binne tafki, da me za mu dama kunun jego?

Allah Ya ganar da mu, amin.