Jigon Kewa a Labaran Masu Kallon Tsuntsaye na Gaɓar Estoniya

Wannan ɗan nazari zai duba jigo guda a cikin labaran da masu sha'awar kallon tsuntsaye suke bayarwa game da gaɓar tekun Estoniya a zamanin mulkin Tarayyar Sobiyat, watau daga 1944 zuwa 1991. A wancan lokaci gaɓar yanki ne na kan iyaka. Tsibiran Saaremaa da Hiiumaa ba a shigarsu sai da takardar izini, kuma sojoji kan share rairayin bakin teku domin sawun duk wanda ya taka ya fito fili.

Ƙarfin waɗannan labarai yana cikin kayan aikin mai kallo. Mutum ne riƙe da madubin hangen nesa da ɗan littafi, yana rubuta rana da wuri da adadi. Ashe ba haka ɗan leƙen asiri yake yi ba? Saboda haka duk agwagwar da aka ƙirga, an ƙirga ta ne da fargaba, kuma inda mai labari ya bar wannan fargaba ta yi magana da kanta, salonsa kan yi armashi.

Rauninsu kuwa shi ne yawan nanata cewa wayar shinge ce ta tsare tsuntsaye. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin inda aka hana mutane shiga an hana gine-gine. Amma tsaron tsuntsaye ya girmi shingen: tun 1910 aka keɓe tsibiran Vaika dominsu. Bugu da ƙari, makiyayar bakin teku irin ta Matsalu, wadda aka keɓe a 1957, kiwo da yankan ciyawa ne suka raya ta. Da dabbobi suka ragu, sai dogayen ciyayin ruwa suka cinye filin, tsuntsayen da ke ƙwai a gajeriyar ciyawa suka rasa wuri. Wanda ya ga yadda kacalla ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru zai gane hoton, ko da yake sanadin ya bambanta.

Sa'an nan ina mutanen? Kimanin mutum 7,000 masu jin Suwidanci suka tsere daga wannan gaɓa zuwa Suwidin a 1943 da 1944. Shirun da mai labari yake yabo, wani ɓangarensa shirun ƙauyukansu ne.