Mai Kare Ya Ɗaure Abinsa

Jama'ar Hausari, gardamar karnukan nan ta isa haka. Wasunmu na cewa a zuba musu guba, masu su na cewa ai gadi suke yi. Kowanne da gyara. Shari'a ta yarda da karen farauta, na kiwo da na gona, amma ba ta ce ka saki naka ya tare masu zuwa Asuba da 'yan Islamiyya ba. Guba kuwa ba ta san kare da kazar maƙwabci ba. Haukan kare in ya bayyana a jikin mutum, sai addu'a. Don haka Bulama ya san masu karnuka, kowa ya ɗaure nasa, ya kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Maiduguri a yi masa rigakafi. Wanda aka ciza ya wanke da sabulu minti 15, ya garzaya asibiti. Allah ya tsare.