Gindin Waƙa Bai Taɓa Kashe Gambara Ba

Wani dare bayan isha'i, a majalisarmu ta Gidan Dare, waƙar "Oleku" ta Ice Prince ta tashi daga wayar mai shayi. Ɗan ƙanwata, wanda ba ya rabuwa da abin sauraro a kunne, ya yamutsa fuska ya ce, "Kawu, wagga ai ba gambara ta ba, waƙar biki ta. Tun ran da kamfani ya ɗauke shi ya bar sana'a." Na yi shiru a lokacin, don ba a gardama da yaro a gaban abokansa. Amma hukuncin ba nasa ba ne, gadonsa ya yi, kuma tun 2011 nake jin sa.

A shekarar ce Panshak Zamani, ɗan Jos da aka fi sani da Ice Prince, ya fitar da kundinsa na farko, Everybody Loves Ice Prince, a ƙarƙashin Chocolate City, kamfanin su Audu Maikori da ya riga ya ɗaga M.I. Kafin nan an san shi da kaifin baki, har ya ci gasar Hennessy Artistry a 2009. Da kundin ya fito, kasuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu, masu sharhi kuwa suka rabu. Ƙorafin masu suka guda ne: rerawa ta yi yawa, baƙi irin su Brymo da Wizkid da 2Face sun cika gida, an sassauta harshe don a shiga rediyo. Irin tuhumar da aka yi wa Nicki Minaj ke nan a Amurka a 2010, da ta saki Pink Friday bayan ta gama razana mutane da baitinta a "Monster" ta Kanye West. Kusan duk mai gambarar da babban kamfani ya ɗauka sai ya gurfana a wannan kotu.

Ba na musun cewa kamfani riba yake nema. Abin da nake musu shi ne shaidar da ake kawowa, wato amshi. Ba'amurke na iya ɗaukar amshi mai daɗi a matsayin alamar sayar da kai, tarihinsa ne ya koya masa haka. Amma Basakkwace? Mu da muka tashi da kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo, da taushin Salihu Jankiɗi, da kalangun Ɗan'anace yana zuga Shago? A gidan nan ba mu san waƙar da ba ta da gindi ba. Gindi ne ke riƙe ɗiya, da shi ake kiran waƙar, shi ne kuma ke zama a bakin mai tallan fura da bakin basarake. Ba wanda ya taɓa cewa Narambaɗa ya zubar da fasaha don yaro ma na iya rera gindin waƙarsa.

Inda ya kamata a kasa kunne shi ne mahaɗa, wurin da ɗa ke ƙarewa gindi ya dawo. Nan ake gane gwani. Makaɗin fada yakan ɗauko ɗa ya yi nisa da shi, ya shiga tarihi, ya jefa habaici, ya taɓa zambo, har mai sauraro ya manta daga inda aka taso. Sai ya fara karkato da magana, ya rage tsawon layi, ya ajiye kalmar ƙarshe daidai inda kiɗa ke buɗa baki. Da gindi ya faɗo, sai ka ji kamar amsa ce ga abin da aka gama faɗi yanzu. Kalmomin ba su sauya ba, amma ma'anarsu ta sauya, domin ɗan da ya gabace su ya ɗora musu sabon kaya. Gindi guda na iya fitowa yabo a dawowar farko, gargaɗi a ta uku, izgili ga abokin gaba a ta biyar. Wanda bai iya ba kuwa, ɗansa yakan tsaya cak kamar jakin da ya ga rafi, 'yan amshi su shigo don kawai lokacinsu ya yi.

A ɗora "Oleku" a wannan ma'auni. Jesse Jagz ya yi kiɗan da tafiyar ƙasaita, ba gaggawa, ya bar fili. Brymo ya riƙe gindi da Turancin buroka gauraye da Yarbanci, da murya mai ɗan kaushi wadda ba ta cika zaƙi ba. Ice Prince kuma bai yi kokawa da shi ba. Yana shigowa a natse, ya yi kirarin kansa kamar kowane mai gambara, sannan ya sassauto a ƙarshen baiti ya miƙa wa mai amshi. Yabon kai da yabon budurwa suka zauna a tabarma ɗaya ba wanda ya ture wani. Yawancin mazauna majalisarmu ba su jin Yarbanci, amma har gobe suna bin amshin da baki, kamar yadda Bayarabe a Sabo ta Ibadan kan bi amshin Shata. Akwai kuma shaidar da masu suka ba su son a tuna: masu gambara bila adadin sun ɗauki kiɗan nan sun zuba nasu baitocin a kai. Kiɗan da ba na gambara ba ne, me ya kai su kansa?

Ba ina wanke kundin duka ba ne. Akwai waƙoƙin da ɗiyansu ba su ɗauke da komai, layuka ne da aka jera don a cike daƙiƙu kafin baƙo ya dawo, akwai kuma wuraren da Ice Prince ya ɗauki rerawa da kansa na'ura tana tallabe muryar. Wannan rauni ne, amma raunin ɗa ne. Mai sukar da ya ɗora shi a kan gindi ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ma yana gida. Masu gambarar Hausa, daga su Ziriums a Kano zuwa ClassiQ da Morell da DJ AB, galibi salon amshi ɗaya suka ɗauka: jagora ya gama nasa, gindi ya dawo yadda yake. Salon Shata ke nan, kuma ba abin rainawa ba ne. Amma ƙasar Sakkwato tana da abin da ya fi wannan wuya, wato karɓi. Ɗanƙwairo yakan fara layi ya sake shi a tsakiya, 'yan karɓi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da nasu, ya sake shigowa a kansu kafin su sauke numfashi. A nan ba ka iya shata iyaka tsakanin mai magana da mai rerawa, saƙa ce guda. Run-DMC sun taɓa wani abu mai kama da haka a New York, suna miƙa wa juna rabin layi, aka yi ta jinjina musu. Mu kuwa muna da shi tun kafin a haife su, da muryoyi huɗu ko biyar, kuma a faɗe ba a rubuce ba.

Wanda ya kawo karɓi cikin gambara ya kashe gardamar nan, domin amshin da kamfani ke nema da fasahar da mai suka ke nema za su zama abu guda. Waƙoƙin Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, suna nan wurin masu tura waƙa a waya a ko'ina cikin garin nan. Ɗana, kai da abokanka masu shiga sutudiyo, ku je a tura muku, ku saurari yadda ake sakin layi kafin ku sake yanke wa wani hukunci.