Mai hoto, bar wa amarya ƙugunta

Yanzu idan hotunan biki suka fito, sai ka ƙura ido kafin ka gane amaryar da ka ci shinkafar ɗaurin aurenta. An tsuke ƙugu, an shafe tumbi, an rage damtse, an buɗa ƙasa. Wani lokaci har labulen da ke bayanta ya lanƙwashe, alamar hannun mai hoto ya zarce a Photoshop. Masu hoto suna kiran abin gyara. Ni ban yarda ba.

Daidaita haske, goge maiƙon goshi, ɓoye ƙurjin da ya fito ranar kamu, duk wannan sana'a ce, a biya mai ita. Amma a ƙera wa mace jikin da ba ta taɓa zama a cikinsa ba, a manna shi a falonta ta riƙa kallo kullum, wannan cuta ce da aka yi wa ado.

A Faransa, tun watan Oktoban 2017, duk hoton talla da aka rage ko aka ƙara jikin mai tallar dole a rubuta cewa an taɓa shi, in ba haka ba tara ta kai Yuro 37,500. Norway ta bi sahu a 2022. Ba a banza suka yi ba. Tun a 2006 Ana Carolina Reston, mai tallan tufafi 'yar Brazil, ta rasu tana shekara 21 sanadiyyar cutar ƙin cin abinci.

Wani zai ce mu nan ai ƙiba ake so. Haka mutanen Fiji suke a da, mace mai jiki ita ce kyakkyawa. Talabijin ya isa yankin Nadroga a 1995, lokacin da Anne Becker ta Jami'ar Harvard ba ta samu ɗaliba ko ɗaya mai jawo amai don ta rame ba. Zuwa 1998 sun kai kusan 11 cikin 100.

Namu ma ya fi rikitarwa, don hoton yana neman rama da ƙiba a jiki ɗaya, abin da babu tuwon da zai ba ka. Sai yarinya ta sha shayin rage tumbi da safe, wanda sau da yawa ganye ne irin filasko mai sa gudawa, da dare ta haɗiyi dexamethasone don ta ciko. Fuska ta kumbura, hawan jini da ciwon suga su leƙo. Wadda kuwa ta sha wuya da cutar ƙin cin abinci kafin ta koma cin abinci sau uku a rana, hoto ɗaya ya isa ya mai da ta baya.

Masu hoto kan ce amaren ne ke nema. Wasu na nema, gaskiya ne. Amma da yawa ba a tambaye su ba, sai dai su buɗe waya su tarar an yanke musu hukunci. Aƙalla a tambaya kafin a taɓa jiki, kuma a haɗa mata da hoton asali cikin waɗanda ta biya.