Waƙar Dandali da Waƙar Faifai

Sanin kowa ne cewa waƙar baka ta Hausa a gaban jama'a ake haihuwarta. Saboda haka ya kamata a dubi dalilin da ya sa masu sauraro da yawa suka fifita kaset ɗin da aka ɗauka wurin biki, duk da hayaniyarsa, bisa faifan kamfani mai tsabtar murya.

Faifan garmaho na dā ba ya ɗaukar fiye da minti uku ko huɗu a kowane gefe, dole mawaƙi ya datse waƙarsa ta shiga wannan awo. Gidan rediyo kuwa yakan tace zambo da batsa. Amma kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, rikoda ta bazu a ƙasar Hausa cikin shekarun 1970, sai mai rikoda ya zama ma'ajin waƙa. A ɗauka wurin biki, a kwafa, direbobi su bi da ita hanyar Kwanar Dangora da Tudun Wada, ba hatimin kamfani, ba sunan wanda ya ɗauka.

A ɗauki misalin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Bakandamiyarsa ba siga ɗaya gare ta ba. Inda duk ya rera ta yakan ƙara wasu ɗiya, ya zubar da wasu, gwargwadon waɗanda ke zaune. A kaset ɗin biki akan ji sanƙira yana shelar kyauta, Shata ya cafe sunan mai kyautar nan take ya saka cikin waƙa, kalangu ya juya, mata su rangaɗa guɗa. Wannan hayaniya ita ce shaidar yadda ake gina waƙar, watau abin da faifai ya zubar shi ne abin da mai nazari ya fi bukata.

Amma fa akwai illa. Mawaƙin ba ya samun ko kwabo daga cinikin, sa'an nan yawancin kaset ɗin ba kwanan wata, ba sunan gari, ga zafi da ƙura suna cin zarensu. Lalle ne malamin da ya sami irinsu ya rubuta waƙar tare da shelarta da amshinta, kuma ya tambayi mai kaset ɗin inda aka yi bikin da shekarar, tun dattawan da suka halarta suna raye.